Motar Baba da Man Akwatin Giya

 A wannan fitowa mun ga ya dace mu kawo muku labarin wata shawara da ta tsaya wa gidanmu a rai har wata biyu, ta kuma kusa sa wa da ƙane su daina gaisawa. Maganar man akwatin giya ce na tsohuwar motarmu, akwatin nan da makanikan Yamai suke kira bwat. Kada malamanmu su tsorata da ganin kalmar giya a shafin iyali, ta mota muke nufi.

Motar ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa. Toyota Camry ce ƙirar 2004, mai inji lita 2.4 da giya huɗu ta otomatik, wadda ta yi shekara takwas tana yawo a Amurka kafin ta faɗo tashar jiragen ruwa ta Kwatano. A shekarar 2012 Baba ya yi ritaya daga koyarwa, ya haɗa abin da ya tara ya ba wani amininsa mai fataucin motoci, aka ƙetaro gadar Malanbil da ita aka shigo Gaya, daga nan sai ƙofar gidanmu. Shekara tara yana riƙe da ita, ba ya barin kowa ya tuƙa ta sai yana zaune a gefe. Da ya rasu a 2021, muka yi wa motar kuɗi a cikin rabon gado kamar yadda ya wajaba, sa'an nan mu biyar muka amince a bar ta a gida domin hidimar Inna: zuwa asibiti, gaisuwar rasuwa, biki, da tafiyar Maraɗi wurin danginta sau biyu a shekara. Ke nan mota ce mai iyayengiji biyar, kuma duk wanda ya taɓa haɗa dukiya da ƴan'uwansa ya san abin da hakan yake nufi ranar da wani abu ya lalace.

Cikin watan Janairun 2025, da sanyin hunturu, sai motar ta fara wani sabon hali. Idan aka tayar da ita da safe aka sa giyar tafiya, sai ta yi shiru kamar ba da ita ake ba, har mutum ya ƙirga huɗu, sa'an nan ta zabura ta fizgi kanta. A kan hanya kuma, wajen sauyawa daga giya ta biyu zuwa ta uku, sai a ji ta yi wata ƴar harbi kamar jakin da aka taɓa wa wutsiya. Da farko mun ce sanyi ne. Da sanyin ya ja baya halin bai ja baya ba. Ga shi kuwa an riga an sa ranar auren ƴar ƙanen Inna a Maraɗi bayan Ƙaramar Salla, wato cikin watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasarmu yake wuce digiri 40 a inuwa, ga tafiyar kilomita wajen 660 ta Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni.

Babban yayanmu ya kai ta wurin makanikensa. Mutumin ya zaro sandar awon mai, ya dube ta, ya mayar, ya ce: «Alhaji, in kana son motarka kada ka taɓa man nan. Tsohon man shi ne yake riƙe da ita. Ranar da ka zuba sabo, ranar za ta kwanta.» Ya kawo misalin motoci biyu da ya ce ya gani da idonsa. Yaya ya dawo gida da wannan magana, ya kafe a kanta, yana cewa garin gyaran gira ake rasa ido.

Autanmu kuwa, wanda yake raba dare yana kallon masu gyaran mota a YouTube, ya kai ta wani sabon gareji mai kwalliya inda suke da na'urar da ake jonawa da bututun akwatin, ta tura sabon mai ta fitar da tsoho gaba ɗaya cikin rabin awa. Can aka ce masa man ya mutu tuntuni, a wanke akwatin fes da maganin wanki a zuba sabo, in ba haka ba ko Dosso ba za ta kai ba. Shi ma ya dawo ya kafe. Yaya ya ce yaron nan zai kashe motar Baba da rawar kai, auta ya ce Yaya yana tsoron kashe kuɗi ne kawai. Maganar ta yi zafi har Inna ta ce a sayar da motar kowa ya huta, ta fi son shiga motar haya da ganin ƴaƴanta suna hararar juna a kan tabarmar buɗa baki.

A nan ne wata jarrabawa ta ɓullo wadda muke jin kunyar faɗinta, amma za mu faɗa. Wani dillalin motoci da ya ji labari ya zo ya ce akwai wani ruwa mai kauri da ake sayarwa a ƙaramar kwalba, in aka zuba shi a akwatin, harbin zai lafa na wasu makwanni, a wanke motar a goge ta, shi kuma zai samo mana mai saye kafin aibin ya dawo. Ba za mu ɓoye muku ba, an yi shiru a ɗakin na ɗan lokaci, shirun da ya fi ƙarfin mamaki. Ƴar'uwarmu ce, wadda take aikin jinya, ta katse shi. Ta ce in za a sayar a sayar, amma za a gaya wa mai saye abin da motar take yi da safe, domin dukanmu mun san hukuncin ɓoye aibi a ciniki, kuma sunan Baba ne har yanzu a bakin mutane idan sun ga motar. Daga nan ta ƙara da cewa su a wurin aikinsu ba a rubuta wa mutum magani sai an yi masa awo, ga shi makanike biyu sun yanke hukunci, babu wanda ya buɗe komai.

Wannan magana ce ta sa muka buɗe aljihun gaban mota muka ɗauko littafin Baba. Ƙaramin littafi ne irin na ƴan makaranta, wanda ya ja wa layuka da hannunsa: kwanan wata, lambar da ke kan agogon tafiya, abin da aka yi, da kuɗin da aka biya. Tun daga 2012 har watan da ya kwanta ciwo, babu juyen baƙin man inji ko ɗaya da ya tsallake. Taya, batir, birki, belt, duk suna nan. Amma man akwatin giya, ko sau ɗaya bai fito ba. Mun yi mamaki, domin Baba ba mutum ne mai sakaci ba. Sai da muka goge kan sandar awon muka ga dalili: akwai ɗan rubutu da Ingilishi a jikinta, wanda ma'anarsa ita ce babu buƙatar canza wannan mai idan ana tuƙi irin na yau da kullum. Inna ta tuna cewa ya taɓa kiran wani abokin aikinsa malamin Ingilishi ya fassara masa. Malami ne, ya karanta umarni, ya bi.

Sai dai tuƙin yau da kullum da masu ƙera motar suke nufi ba namu ba ne. Ba su lissafa ƙurar hunturu ba, ko cunkoson azahar a bakin babbar kasuwa ana tafiya taku-taku da na'urar sanyi a kunne, ko yashin unguwannin da ba kwalta, ko buhunan gero da albasa da ake cika bayan mota da su a dawowa daga ƙauye. A littattafan motocin kansu akwai jadawali na dabam domin abin da suke kira tuƙin wahala, kuma masu gyara da yawa suna ba da shawarar canza irin wannan mai tsakanin kilomita 50,000 da 100,000, gwargwadon mota da irin aikinta.

Littafin ya tona mana wani abu na biyu da ya fi wannan ba mu tsoro. Agogon motar yana nuna 186,000, kuma duk shekarun nan muna cewa kilomita ne, har muna alfahari da cewa motar ba ta sha wuya ba. Autanmu ne ya lura cewa motar Amurka ce, lissafinta da mil take yi. Mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne da ɗoriya. Ashe motar Baba ta ci kusan kilomita 300,000, kuma iya saninmu, tun da ta shigo ƙasar nan da mai guda take aiki. Muna roƙon duk mai motar da ta fito daga Amurka ya je ya dubi agogonsa da kyau yau ɗin nan.

Wani maƙwabcinmu direban gwamnati mai ritaya ne ya nuna mana hanyar wani dattijo, wanda ba ya taɓa komai a mota sai akwatin giya. Rumfarsa ta kwano ce a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, babu allo babu suna. Bai ce mana komai ba sai da ya shiga motar ya zagaya da mu minti ashirin, kunnensa a karkace, yana taka totur yana saki. Da muka dawo ya ajiye ta a wuri mai daidai, ya bar injin yana aiki, ya bi da hannun giya ta kowane matsayi ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da shi wurin fakin, sa'an nan ya zaro sandar. Ya ɗiga man a kan farar takarda, ya ɗiga sabo kusa da shi. Sabon ja ne garau, ana hango takardar ta cikinsa, namu kuwa ya koma ruwan ƙasa mai duhu kamar shayin da ya kwana a buta. Ya shinshina, ya miƙa wa kowannenmu ya shinshina.

«Kun ji ƙauri?» in ji shi.

Muka ce ba mu ji ba.

«To, ƴaƴana, da sauran magana. Da baƙi ƙirin ne yana warin tuwon da ya kama, da na ce ku tafi ku fara tara kuɗin wani akwatin. Da kuma fari-fari ne kamar an zuba masa madara, da na ce ruwa ya shige shi, ko ta radiyeta ko wajen ƙetare kwari da damina, wannan ma ba juye ne maganinsa ba.»

Yaya ya ce: «Baba, an gaya mana tsohon man shi ne yake riƙe da ita.»

Dattijon ya ce wanda ya faɗi haka bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa. Abin da ya bayyana mana a ranar, da abin da muka ƙara fahimta daga baya, shi ne muke so mu shimfiɗa a nan, domin a kansa ne gardamar duka take.

Man akwatin otomatik ya bambanta da man inji, wanda babban aikinsa santsi ne. Shi wannan aiki huɗu yake yi lokaci guda. Tsakanin inji da akwatin akwai wani rufaffen tulu na ƙarfe cike da mai, da fukafukai biyu suna fuskantar juna a ciki: inji yana juya ɗaya, wannan ya kaɗa man, man ya kaɗa ɗayan, kamar yadda muciya take juya kunu a tukunya har ludayin da ke ciki ya bi ta yana zagayawa. Ke nan ƙarfin inji ta cikin man yake bi kafin ya isa taya. Na biyu, famfo yana tura man ta wasu ƴan siraran hanyoyi masu ƙofofi, kuma matsinsa ne yake danne faifan kuloci da ke cikin akwatin, su kama su saki, giya ta sauya. Na uku santsi, na huɗu kwashe zafi, domin akwai bututun da yake kai shi cikin radiyeta ya huce ya dawo. Faifan nan kuwa an lulluɓe su da wani abu mai kama da takarda mai kauri, wanda yake cinyewa a hankali, garinsa yana zuba cikin man. Zafi kuma yana dafa man shekara da shekaru, sinadaran da aka haɗa shi da su suna ƙarewa, yana barin wani danƙo a bangon hanyoyin.

To, idan faifan sun riga sun cinye ƙwarai, garin nan da ke yawo cikin tsohon mai yana ba su ɗan kaushin da suke kamawa da shi. A zubar da shi gaba ɗaya a kawo sabo mai santsi, sai su fara zamewa: a taka totur, inji ya yi ta kuka, mota ba ta gaba. Haka kuma sabon mai yana da ƙarfin wanki, balle a haɗa masa da maganin wanke akwati, sai danƙon da ya yi shekaru a kwance ya ɓamɓaro lokaci guda ya je ya toshe wata ƙaramar ƙofa. Wannan shi ne gaskiyar da ke cikin maganar makanike na farko. Amma akwai abin da bai lura da shi ba. Mutanenmu ba sa tunawa da man giya sai ranar da mota ta fara ciwo. Akwatin da ya riga ya kama hanyar mutuwa ne ake kawowa a yi masa juye, in ya cika bayan sati biyu sai a ce sabon mai ne ya kashe shi, kamar a ɗora wa likita laifin majinyacin da aka kawo masa yana shure-shure. Mu dai a ganinmu, barin mataccen mai a cikin akwatin da yake da sauran lafiya ba dabara ba ce, jinkirta asara ne kawai, tare da ƙara mata girma.

Dattijon ya ce ba zai yanke hukunci ba sai ya ga kaskon ƙasa. Ya kwance ƙusar juye, man ya tsiyaye cikin wata roba mai ma'auni, ya rubuta adadin a ƙasa da tsinke: lita uku da rabi. Sa'an nan ya kwance kaskon. A cikinsa akwai ƴan maganaɗisu da masu ƙera motar suka manna domin kama garin ƙarfe. Ya shafo abin da ke jikinsu ya murza tsakanin yatsunsa, ya sa Yaya da auta su ma suka murza. Laushi ne da shi kamar kwalli. Ya ce wannan tsufa ne, kowane akwati yana yin sa. Abin da yake nema bai gani ba, wato ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da ake ji a yatsa, ko baƙaƙen ɓawo na faifan kuloci. Ya wanke kaskon, ya canza rariyar da ke ciki da robar bakinsa, ya ɗaure.

Shawararsa ita ce a bi motar a hankali. Akwatin irin namu yana ɗauke da mai fiye da lita takwas, amma juye ɗaya ba ya fitar da ko rabi, domin saura yana maƙale a cikin tulun nan da bututai. Wannan da mutane suke gani kamar naƙasu, ga tsohuwar mota alheri ne. A juye kimanin kashi 40 cikin ɗari a zuba sabo, a yi tafiyar kilomita ɗari biyar zuwa dubu ana saurare. In lafiya, a sake. Bayan juye na farko tsohon man da ya rage kashi 60 ne, bayan na biyu 36, bayan na uku kusan 22. Ta haka wankin yake tafiya sannu-sannu, kuma idan akwatin ya nuna bai yarda ba, an gani da wuri an tsaya. Babu na'ura, babu maganin wanki, babu ruwan kwalba. Yaya ya dubi auta, auta ya dubi Yaya. Kowannensu ya sami rabin abin da yake so.

Saura sayen mai, wanda shi ma ya ci mana kwana uku. A jikin sandar an rubuta irin da motar take sha, wato Toyota T-IV. Mai shago na farko ya miƙo mana jarkar man giya mai kauri, lamba 90, irin wanda ake zuba wa wasu motoci masu kuloci na ƙafa, yana cewa ai giya giya ce. Da mun karɓa da mun gama da motar a ranar. Na biyu ya ce duk jan mai ɗaya ne. Jan nan kuwa rini ne kawai, da ake sawa domin a bambanta shi da man inji idan ya ɗiga a ƙasa. Kamfanin Toyota kansa yana da wani mai, WS, na motocinsa na baya-bayan nan, wanda bai yarda a musanya shi da T-IV ba. Honda tana da nata, Dexron na kamfanin General Motors ne asalinsa, kuma motoci masu akwatin CVT, waɗanda suka yi yawa cikin masu shigowa yanzu, nasu dabam ne ƙwarai. A nan ne autanmu ya ba mu wani labari da ya sa Inna riƙe baki: wai har zuwa farkon shekarun 1970, ana haɗa irin wannan mai da kitsen wata ƙatuwar dabbar teku da Faransawa suke kira kashalo, sai da Amurka ta hana domin dabbar ta kusa ƙarewa. Mun bincika muka tarar gaskiya ne.

Ga kuma matsalar jabu. Tun da aka rufe iyakar Gaya a 2023 kayan mota suka ƙara tsada a hannunmu, kuma inda tsada ta shiga, mai cika tsohuwar jarka da abin da ya ga dama yana samun kasuwa. Dattijon ya haɗa mu da yaronsa, wanda ya duba hatimin murfi da rubutun jikin kowace jarka kafin mu biya, ya kuma ce mu sayi na juye uku gaba ɗaya a wuri guda. Da aka gama, ya sa aka huda jarkokin da wuƙa a gabanmu. Mun tambaye shi dalili, ya ce jarkar da aka jefar lafiya lau gobe za ta dawo kasuwa a cike.

An zuba sabon mai ranar wata Asabar. Lahadi lafiya. Ranar Litinin da safe Yaya ya fito zai kai Inna awon hawan jini, ya sa giya, motar ta yi shiru fiye da yadda ta saba, a kwanar farko kuma inji ya yi kuka ita ba ta ja ba, na ɗan lokaci kaɗan. Kafin azahar duk dangi sun ji cewa an kashe motar Baba. Yaya bai ce wa auta komai ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo. Mu da muka goyi bayan zuwa wurin dattijon, abincin rana bai shiga cikinmu ba.

Da la'asar muka lallaɓa da ita rumfar. Dattijon ya saurara, bai nuna damuwa ba, ya zagaya da ita har ta yi zafi, ya auna. Man bai kai alamar zafi da ke jikin sandar ba. Sai ya juya ya kira yaronsa ya tambaye shi lita nawa ya zuba. Yaron ya ce uku da rabi, kamar yadda aka rubuta a ƙasa. Ashe ya manta cewa bayan wannan awon an kwance kasko da rariya, su ma sun fitar da nasu, ga shi kuma ranar magariba ta kawo jiki, ya auna da gaggawa motar ba ta yi zafi ba. Famfon yana jan iska ne wajen kwana. Dattijon ya ce laifinsa ne shi da bai duba da kansa ba, ya ƙara wajen rabin lita kaɗan-kaɗan yana aunawa, yana cewa yawansa ma illa ne, domin idan ya wuce ƙa'ida kumfa yake yi, kumfa kuwa ba ta danne kuloci. Bai karɓi ko dala ba. Washegari da safe Yaya ya sa giya, ya ƙirga biyu, motar ta ɗauka.

Mun yi juye na biyu ana saura kwana goma Salla. Harbin nan na tsakanin giya ta biyu da ta uku ya yi laushi har sai mai tuƙi ne kaɗai yake jin sa. Muka ce to, Maraɗi ta samu. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, shi ba zai sa hannu a ɗauki tsohuwa a bi da ita kilomita ɗari shida da wani abu cikin zafin Afrilu, a akwatin da bai gama saninsa ba. In ta tsaya tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni da tsakar rana, wa za a kira? Ranmu bai so ba, amma Inna da ƴar'uwarmu suka bi babbar motar safe, aka yi biki aka gama, motar Baba tana gida tana zuwa kasuwa da asibiti.

Sai bayan juye na uku, gab da Babbar Salla, ya ce mu gwada. Ya ba mu sharuɗɗa: mu fita da asuba, kada mu cika mata kaya, mu tsaya a Dosso da Ƙonni mu leƙa ƙarƙashinta ko akwai ɗigo, mu wanke ƙurar da ta toshe fuskar radiyeta kafin mu tashi, mu kuma riƙe lita ɗaya a bayan mota. Yaya ne ya tuƙa zuwa Ƙonni, auta ya karɓa daga nan. Mun shiga Maraɗi kafin la'asar, litar nan ba a buɗe ta ba.

Ba za mu ce muku motar ta warke ba. Da sanyin safiya har yanzu sai an ƙirga biyu kafin ta ɗauka, kuma dattijon ya gaya mana ƙarara cewa robobin da ke riƙe matsi a cikin akwatin sun bushe, babu man da zai mayar da su sababbi. Yana iya yin shekara uku, yana iya yin ɗaya. Saboda haka kowannenmu yana ajiye jika biyar a wata a hannun ƴar'uwarmu, domin ranar da za a buɗe akwatin ko a nemo wani. A littafin Baba kuwa auta ya ja sabon layi da jan biro, ya rubuta juye ukun da kwanakinsu, a gefen kowace lamba ya sa lissafinta da kilomita. Juye na gaba zai kama idan agogo ya nuna 218,000.